Lambar da Ta Bi Yaya Har Gida

Duk wanda ya ce maka intanet daga sama ta faɗo, ka kama hannunsa ka kai shi hawa na biyu na otal ɗin da masu tsara ta ke taro, ya ga abin da Auta ta gani. Ita kanta, da ta shekara tara tana aikin injiniya a kamfanin waya, ta ɗauka masu tsara ƙa'idojin da na'urorin duniya ke bi su gaisa da juna wasu manya ne masu kwat, kowa da mai riƙe masa jaka. Sai ga mutane zube a kan kafet, kowa ya jingina da bango kusa da soket, kwamfuta a cinya, wannan da silifas, wancan da rigar da ta koɗe tun kafin a haife ta. Ta tsaya turus, tana jin takalmin da ta saya musamman don wannan rana yana matse mata yatsu.

Wani dattijo ya janye ƙafarsa don ta wuce, har da ba ta haƙuri. Ta dubi katin da ke rataye a wuyansa, sai ta sake karantawa. Sunan nan shi ne a saman takardar da ta haddace a jami'a, wadda ta bayyana yadda saƙo ke samun hanya daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ashe mutum ne, yana da rai, ga shi a ƙasa yana ɓare ayaba.

Abin da ya kawo ta nan, mita ce ta Yayarta. Yaya ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, don haka tana da lasisin yi mata faɗa har abada. Shekara uku da suka wuce Yaya ta kira ta a fusace.

"Ke wai me kuke yi a ofishin nan naku ban da shan iska? Ina cikin magana, ina saka ƙafa waje daga gida, sai kiran ya yanke. Kullum!"

Auta ta san dalili. Idan waya ta bar waifai na gida ta koma sabis na titi, ɗaya ɓangaren ba ya gane ta, sai an sake gaisawa tun daga farko. Inda sabis ke da ƙarfi ba mai lura. Inda yake da rauni kuwa, kafin a gama gaisuwar kira ya mutu. Sai dabara ta zo mata: a ba kowace waya lamba ɗaya da ba ta canzawa, ta riƙa nuna ta a bakin kowace gaisuwa, ɗaya ɓangaren ya ce, na gane ki, ci gaba da maganarki. Ta rubuta daftari ta aika wa ƙungiyar masu tsara ƙa'idojin, domin ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Aka yi ta ja-in-ja ta wasiƙa, ta yi gyara sau goma sha huɗu. Yau ne zaman ƙarshe. In aka amince, masu ƙera wayoyi a ko'ina za su saka dabararta a ciki, sunanta kuma ya hau saman takarda, irin yadda na mai ayaba ya hau.

Mutanen nan ba sa karɓar daɗin baki, sai an nuna musu abu yana aiki. Don haka kamfaninsu ya bar ta ta yi gwaji a wayoyi ɗari uku, na abokan aiki da dangi. Da hannunta ta saka shi a wayar Yaya, wata huɗu da suka wuce. Tun daga ranar Yaya ba ta bar kowa ya huta ba, har mai gadi sai da ya ji cewa ƙanwarta ce ta gyara wayar duniya.

Ita Yaya a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar maganin yara take aiki, ita ce mai auna ruwan magani kafin a ɗura a kwalba. Wata biyu ke nan masana'antar ba lafiya. Wani da ba a san ko wane ne ba ya aika wa hukumar kula da magunguna sakamakon gwajin da aka ɓoye, wanda ya nuna wani rukuni na maganin tari ya gurɓace. Aka kwashe kwalaben daga shaguna. Masu masana'antar suka shiga neman mai tonon asirin ruwa a jallo. An zargi wani direba, aka kore shi, bayan kwana uku aka tsince shi a gefen titi da karaya biyu. Duk lokacin da zancen ya taso a gida, Yaya sai ta ce "Allah ya kyauta," ta tashi ta duba tukunya.

Zauren taron ya ci mutum dubu. Auta ta samu kujera kusa da wata tsohuwa ƙarama mai gashi fari fat, ta jingina sandarta a gwiwa. Kowa ya wuce sai ya rusuna ya gaishe ta, kuma Mai Sanda kawai suke ce mata. Ana kan daftarin wani ne, an gama muhawara. Auta ta gyara zama tana jiran a ce a ɗaga hannu.

Shugaban zama ya ce, "Masu son a amince, bismillah."

Ba wanda ya motsa hannu, ba wanda ya buɗe baki. Sai wani ƙugi ya taso daga ko'ina lokaci guda, mmmm, mutum ɗaruruwa kowa baki a rufe yana fitar da sauti ta hanci. Auta ta ji shi a tafin ƙafarta kafin ta ji shi a kunne. Shugaban ya karkata kai yana saurare kamar mai gwada kankana, sannan ya nemi ƙugin waɗanda ba su yarda ba. Wannan bai kai na farko ba. Ya ce an amince, mai rubuta bayani ya rubuta, aka wuce.

"Shi ke nan?" Auta ta tambaya a hankali. "Haka ake yanke wa duniya hukunci?"

Mai Sanda ta miƙo mata alewa. "Haka ake yi, 'yata. In aka ce a ɗaga hannu, ƙaramin ma'aikaci zai saci kallon shugabansa kafin ya ɗaga. Amma ƙugi, wa zai ce daga hancin wa ya fito?"

Abin ya cika Auta da mamaki. Babu sarki a ɗakin, babu ɗan sanda, babu wanda zai ɗaure wanda ya ƙi bin ƙa'ida. Amma abin da hancin mutanen nan ya yarda da shi yau, nan da shekara biyar yana cikin aljihun mai sayar da kifi a bakin wani teku da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Kafin hutun rana aka kira ta. Ta hau dandamali, da ta fara magana a kan abin da ta sani sai harshe ya saki. Ta nuna sakamakon gwaji: yankewar kira ta ragu da kashi tamanin cikin ɗari. Mutane suka yi layi a bayan makirufo da ke tsakiyar zaure, domin a nan kowa sai ya bi layi, ko da shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ta amsa tambaya bakwai ba gargada. Kanta ya fara girma, kuma gaskiya ba laifinta ba ne.

Ta takwas Mai Sanda ce. Sai da aka sauko mata da makirufo.

"Aikinki yana da kyau. Shafi na goma sha tara nake so mu duba, sashen abin da ƙa'idar za ta iya jawo wa mutane. Karanta mana."

Auta ta buɗe. Layi ɗaya ne. "Ba a hango wata illa ba."

"A ina kika samo shi?"

Gaskiyar ita ce, daga wani daftari ta kwafo shi, shi ma mai wancan daga wani ya kwafo. Dokar ƙungiya ta ce dole sashen ya kasance, ba ta ce dole a yi gumi a kansa ba. Injiniya zai kwana bakwai yana faɗa a kan rabin daƙiƙa, amma ya zo nan ya liƙa layin gado ya wuce.

"Kada ki ji kunya," in ji tsohuwar. "Na san layin. Ni na fara rubuta shi, shekara talatin da suka wuce, ina sauri in kama jirgi. Ban taɓa rubuta abin da ya yi tafiya kamarsa ba, kuma ban taɓa nadamar abu kamarsa ba. To, wa ke ganin lambar nan taki a hanya?"

"Na'urori ne kawai, Mama. Kuma lamba ce tsura, babu suna a jikinta."

"Wa ke zaune a bayan na'urorin?"

Auta ta san amsar. Ita ce ke zaune a bayansu, kullum daga takwas zuwa biyar.

"Kina da bayanan gwajinki. Ki tuno wurin da mutum ba zai so a san ya je ba, ki duba agogo, ki ga minti nawa za ki yi. In ba ki samu komai ba, ni zan fi kowa ƙugi a bayanki."

Shugaban zama ya ɗage hukunci zuwa bayan hutu.

Ranta a ɓace ta fita. Shekara uku tana aiki, tsohuwa ta zo da alewa a jaka za ta kwance mata shi a gaban mutum dubu! Ba ta bi layin abinci ba. Ta samu soket a lungu, ta cire takalmin nan mai mugunta, ta zauna a ƙasa kamar kowa, ta buɗe bayanan gwajin. Niyyarta ta koma ta nuna musu lambobi tsirara, marasa fuska.

Wurin da mutum ba zai so a san ya je ba. Abin da ya fara faɗo mata shi ne shafin kai ƙorafi na hukumar magunguna, tunda zancen ya cika musu gida. Ta duba agogo, ƙarfe ɗaya da minti shida. Ta tambayi kwamfuta ko cikin wayoyi ɗari uku akwai wadda ta taɓa gaisawa da shafin.

Akwai guda ɗaya. Wata Talata, wata biyu da suka wuce, da tsakar rana, daga waifai na kyauta a wani ɗakin karatu na jama'a. Mai wayar ya ma cire layinsa kafin ya shiga, ya yi minti goma sha ɗaya ya fita. Mutum ne mai hankali, ya yi duk abin da mai tsoro ya kamata ya yi. Amma lambar Auta ba ta cikin layi, tana cikin wayar, kuma ba ta canzawa.

Nan ya kamata ta rufe kwamfutar. Ba ta rufe ba, domin hannun injiniya ya fi zuciyarsa sauri. Ta bi lambar. Ƙarfe biyu na ranar ta ɓulla a unguwar masana'antu, ta zauna har biyar. Ta bi hanyar bas, tasha bayan tasha. Shida da kwata ta shiga waifai na wani gida, ta kwana a can, kamar yadda take kwana kullum. Sunan waifan ya fito a allo: Ku Sayi Naku.

Auta ce ta raɗa masa sunan, ranar da ta haɗa wa Yaya shi, saboda yaran maƙwabta. Yaya ta yi dariya ranar har da riƙe ciki.

Ta dubi agogo. Ɗaya da minti goma.

Ta tuna tukunyar da ake tashi a duba, ta tuna "Allah ya kyauta." Matar da ke tsoron ƙadangare, wadda ba ta iya tsallaka babban titi sai ta riƙe hannun wani, ita ce ta ɗauki takardun nan a jaka ta wuce masu gadi, ta zauna cikin baƙi ta aika, ta koma bakin aikinta ta ci gaba da auna magani. Wata biyu tana kallon ana farautarta, tana dafa abinci, tana yi wa Auta faɗan rashin cin abinci. Auta ta ji girman yayarta ya danne ta, ta ji kunya kuma, domin ta leƙa abin da ba a nuna mata ba. Sannan tsoro ya zo. Abin da masu masana'anta suka kasa samu a wata biyu, ta same shi a minti huɗu, zaune a ƙasa ba takalmi. Kuma mutum shida ne a ofishinsu ke iya buɗe bayanan nan.

Ta kira Dogo, abokin aikinta da ke kula da na'urar gwajin.

"Dogo, ka tsayar da gwajin yanzu. Ka goge bayanan duka, har da na ajiya."

"Ke, lafiyarki? Su ne fa hujjarki! Ko sun ƙi ne?"

"Ba su ƙi ba tukuna. Ni na buɗe gwajin nan, ni na ce a rufe. Kada ka buɗe ka duba, don girman Allah. Ina nan a kan layi har ka gama."

Ya ji muryarta, bai ƙara tambaya ba. Tana jin ƙarar maɓallansa, tana kallon allonta, har layukan suka ɓace, ya zama fari.

Da aka dawo zama, shugaban ya yi mata alamar ta hau. Ta girgiza kai, ta je ta tsaya a layin makirufo, bayan mutum biyar. Da ta iso ta ga mai rubuta bayani ya ɗaga yatsu yana jira, ta tuna duk abin da aka faɗa a nan duniya za ta karanta. Ta haɗiye kusan duk abin da ke bakinta.

"Ni ce mai daftarin. Na yi gwajin da Mama ta ce. Minti huɗu." Ta ja numfashi. "Ba zan faɗa muku abin da na gani ba, domin ba nawa ba ne, kuma na goge shi. Amma na bi mutum daga inda ya ɓuya har ƙofar gidansa, ban nemi izinin kowa ba, ban fasa komai ba. Lambar ta yi aikinta ne daidai yadda na tsara ta. Ina roƙon kada a amince da shi a haka."

Wani injiniya daga wani babban kamfanin ƙera wayoyi ya karɓi makirufo. Ba mugu ba ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce miliyoyin mutane ne kiransu ke yankewa, cikinsu akwai mai kiran likita, akwai mai kiran motar kashe gobara. Ya ce a amince yau, a ƙara gargaɗi a shafi na goma sha tara, a gyara daga baya.

Mai Sanda ta ce daga kujerarta, ba makirufo, amma kowa ya ji: "Abin da ya shiga waya biliyan ba ya fitowa, ɗana. Na gwada."

Shugaban zama ya ce, "Masu son a amince da shi yadda yake."

Ƙugi ya taso, kuma ba ƙarami ba ne. Auta ta tsaya tana sauraren shekara ukunta suna kiran ta. Da ta saki hanci kaɗan kawai, ba wanda zai sani. Nan ta gane abin da ɗakin ke ba mutanensa: kowa ya faɗi gaskiyarsa ba a nuna shi da yatsa. Shi ne kuma abin da lambarta za ta ƙwace wa Yaya, da duk wata yayar wani. Ta danne harshenta har ƙugin ya mutu.

"Masu son a mayar da shi a sake aiki."

Auta ce ta fara, da wata 'yar siririyar murya. Daƙiƙa ɗaya ta ji kamar ita kaɗai ce. Sai ƙugin ya taso ta bayanta, ta gefenta, daga can ƙarshen zaure inda mai ayaba ke tsaye, ya yi ta kauri har ta daina jin nata. Ruwan da ke cikin kofi a teburin shugaba ya kama rawa. Ta ji shi a haƙarƙarinta. Mutane daga ƙasashen da ba ta iya lissafawa, ba su san Yaya ba, ba za su taɓa saninta ba, sun rufe baki suna kare ta da numfashinsu. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma daina ƙugin ba.

Shugaban bai ma karkata kai ba. "Ya koma," in ji shi.

Ta ɗauka za a guje ta. Ina! Kafin ta kai ƙofa mutum goma sun kewaye ta, har da injiniyan babban kamfanin, yana zane a kan takardar goge hannu: lamba mai canzawa a kowace gaisuwa, wadda ɗaya ɓangaren kaɗai zai iya ganewa. Abu ne mai yiwuwa, amma aikin shekara biyu ne, kuma sunaye biyar ko shida za su hau takardar, ba ɗaya ba. Mai Sanda ta taɓa mata ƙafa da sanda.

"Shafi na goma sha tara ke za ki rubuta shi. In ya gaza shafi uku, zan sake tashi."

Da la'asar ta koma lungunta ta kira gida.

"Auta! Yaya aka yi? Sunan namu ya hau?"

"Bai hau ba, Yaya. Ni na ce a dakata."

"Ke kika ce? Bayan duk wahalar nan? Wane irin..."

"Yaya." Ta dafe bango. Akwai maganar da ba a yi a waya, yau ta fi kowa sanin haka. "In na dawo za mu zauna a kicin. Ni dai ban san wadda ta rene ni ba sai yau."

Auta na jin numfashin yayarta, tana jin famfo na zuba a can nesa.

"Kin ci abinci kuwa?" in ji Yaya a ƙarshe, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ban ci ba."

"Na sani ai. Tsaya in fita waje, yaran nan sun cika min kunne, ina so ki..."

Kiran ya yanke.

Auta ta dubi wayar. Yaya ta saka ƙafa waje daga gida, lambar ta tafi tare da gwajin, kuma duk faɗin duniya babu na'urar da ta gane ta. Ta jingina kai da bango tana dariya, hawaye na bin kumatunta, har wani da ke wucewa ya tsaya ya tambaya ko lafiya.

Wayar ta yi ƙara.

"Kin gani ko? Abin naku ya dawo da halinsa!"

"Na gani, Yaya," in ji Auta. "Ki yi haƙuri da shi shekara biyu. In ya yanke, ki sake kira, ina nan."